Yadda za ka ga baƙin dutsen Hijaz da idonka, daga bakin Madina zuwa ramin Wahba

Shekarata 17 ina tuƙi a Madina. Yawancin waɗanda nake ɗauka mutanenmu ne, 'yan Umara daga Kano da Sakkwato da Damagaram, kuma ziyararsu kusan iri ɗaya ce: Ƙuba, Uhudu, Ƙiblataini, kasuwar dabino, a koma masauki. Ban taɓa ganin laifin hakan ba, domin abin da ya kawo su ke nan. Abin da ya canza mini tunani shi ne zuwan kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana karantar da hadisi a zaure. Muna dawowa daga Uhudu da yamma, sai ya nuna mini gefen hanya ya ce, "Kai ɗan nan, wannan baƙin abu da aka zube haka, kwalta ce ta lalace?" Na ce, "A'a Kawu, harra ke nan." Ya yi shiru, sannan ya ce in tsaya. Ya sauka da sandarsa, ya durƙusa, ya ɗauki dutse ɗaya mai huji-huji kamar gidan zuma, yana jujjuya shi a hannu. Ya ce ya fassara wa ɗalibai kalmar "labataini" ba adadi, yana ce musu ƙasa ce mai baƙaƙen duwatsu, amma bai taɓa riƙe ɗaya ba sai ranar.

Tun daga nan nake ƙoƙarin kai duk wanda ke da lokaci da ƙarfi. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda nake yi, da inda nake zuwa, da abin da hanya ta koya mini.

Harra ita ce filin da narkakken dutse ya malala a kai daga cikin ƙasa, ya daskare ya zama baƙi. Yammacin Saudiyya cike yake da irinta. Madina kanta tana zaune tsakanin guda biyu, Harrar Waƙim ta gabas da Harrar Wabara ta yamma, su ne labataini ɗin da hadisi ya ce abin da ke tsakaninsu harami ne. Su ne kuma mutumin nan da aka ba kwandon dabino don kaffarar azumi ya yi nufi da ya ce babu gidan da ya fi nasa talauci a tsakaninsu. Duka biyun yatsu ne na wata babbar harra mai suna Rahaɗ, wadda ta miƙa daga Madina ta yi kudu har kusa da Makka. Wanda ya taɓa hawa tudun Biyu a Barno, ko ya je yankin Kerang a Filato, ya san dangin wannan dutse, sai dai namu na gida ciyawa da gonaki sun rufe shi, na nan kuwa a tsirara yake saboda ƙarancin ruwan sama.

Ka fara da na kusa, wanda ba ya buƙatar babbar mota. A shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, a watan Jimada Akhir, ƙasa ta yi ta girgiza a Madina na wasu kwanaki, sannan ta tsage a kudu maso gabashin gari, wuta ta fito. Ta yi kwana 52 tana ci. Narkakken dutsen ya yi tafiyar kilomita kusan 23 ya nufo gari, mutane suka taru a Masallacin Annabi suna tuba suna addu'a, sai ya karkata ya tsaya bai shigo ba. Malaman zamanin, irin su Imam Nawawi da Ƙurɗubi, sun rubuta labarinta, kuma da yawa daga cikinsu sun ɗauke ta a matsayin wutar da hadisin Bukhari da Muslim ya ambata, wadda za ta fito daga ƙasar Hijaz ta haskaka wuyan raƙuma a Busra, wani gari a ƙasar Sham. Wannan malalar tana nan har yau a gabashin gari, ta wajen filin jirgin sama. Ba ka buƙatar kowa ya nuna maka bambancinta da tsohuwar harra: ta fi baƙi, ta fi kaifi, babu ko tsiro a kanta, kuma a murɗe take kamar an yi huɗa da garma an bar ta.

Ga abin da na fi so a wurin. Lokacin da narkakken dutsen ya gangaro, ya tare bakin kwarin Ƙanat, kwarin da ke wucewa ta gaban Uhudu. Ruwan sama ya rasa hanya, ya riƙa taruwa a baya, tafkin Aƙul ya samu. Daga baya an gina madatsar ruwa a wurin. Idan an yi ruwa sosai za ka tarar da tafki shimfiɗe, baƙin dutse a gefe, tsuntsayen ruwa suna kiwo a bakin gaɓa. Idan shekarar fari ce, sai busasshen laka mai tsage-tsage. Don haka kafin ka ɗauki baƙi ka tambayi wani direba ko akwai ruwa a makon. Ina zuwa bayan sallar La'asar, in dawo kafin Isha. Kada ka bar yaro ya shiga ruwan ko da ya ga bai kai gwiwa ba, saboda lakar ƙasan tana riƙe ƙafa, kuma hukumar agajin gaggawa tana yawan gargaɗi a kan iyo a madatsun ruwa.

Kafin mu yi nisa, bari in faɗi shiri, don duk sauran wuraren shirinsu ɗaya ne.

Lokaci shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da rani baƙin dutse yana shan rana ya mayar maka da ita, sai ka ji zafi daga sama da ƙasa. Na taɓa aza hannu a kan dutse a watan Yuni da azahar, ban iya ƙirga biyar ba na janye. Da hunturu kuma dare yana da sanyi mai shiga ƙashi, don haka rigar sanyi da bargo dole ne ko da ba kwana za ka yi ba. Ka duba hasashen yanayi. In an ce akwai hadari, kada ka ajiye mota ko ka shimfiɗa tabarma a cikin kwari, domin ruwan da aka yi a wani tsauni da ba ka gani yana iya gangaro maka alhali samanka garau take.

Takardunka su kasance a aljihu. Mazauni ya riƙe iƙamarsa, wato katin izinin zama, baƙo ya riƙe fasfo, kuma ya tabbatar da abin da bizarsa ta ba shi dama kafin ya bar gari. Mai bizar Hajji yana ƙarƙashin tsarin alhazai, ba nasa ba ne wannan yawo. Akwai shingayen bincike a manyan hanyoyi, akwai kuma kyamarorin Sahir masu kama gudu, tararsu na iya cinye kuɗin tafiyar duka.

Takalmi shi ne abin da mutanenmu suka fi rainawa. Silifas da takalmin fata na zuwa masallaci ba su da aiki a harra. Ka nemi kambas mai kaurin tafi, da safa. Mata su ɗan ɗage abaya da zani daga ƙasa, don dutsen yana kama tufafi ya yaga. Ruwa kuwa, nakan ɗauki katan ɗaya ga kowane mutum biyu, ban da jarka ta alwala da ta mota. Dabino, burodin tamis, gwangwanin waken ful, filas ɗin shayi, sun isa yini. Ka sa darduma mai kauri, don sujada a kan wannan dutse ba ta yiwuwa sai ka nemi fili mai yashi. Itace kada ka sara, kada ka tsinta. Dokar muhalli ta hana, jami'anta suna zagayawa, gara ka sayi gawayi ko ka ɗauki ƙaramin murhun gas. Ka sauke taswira a wayarka tun kana gari, saboda sabis yana ɗaukewa. Ka gaya wa wani a gida inda za ka da lokacin da za ka dawo. Lambar agajin gaggawa 911 ce a yankunan Makka da Madina da Riyad da Gabas, 998 a sauran yankuna, ta motar asibiti 997. Kada ka cusa hannu ko ƙafa cikin ramin dutse, nan ne kunama da maciji suke fakewa.

Yanzu Wahba. In mutum zai ga wuri ɗaya tak, ni dai nan zan kai shi.

Ramin yana gefen yammacin Harrar Kishib, kimanin kilomita 250 daga Ɗa'if. Ya fi sauƙi ga wanda yake Makka ko Jidda. Za ka hau babbar hanyar Ɗa'if zuwa Riyad, ka yi ta tafiya a shimfiɗaɗɗen fili, sannan ka sauka ka yi arewa ta wajen Ummud Dum, ka bi allunan hanya. Kwalta ce har bakin ramin, ƙaramar mota tana zuwa. Ka cika tanki a gidan mai na kan babbar hanya, kada ka ce sai gaba. Nakan bar Makka bayan sallar Asuba, in isa kafin rana ta take, ko kuma in isa da yamma in kwana a tanti. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tuƙin dare a ƙaramar hanyar, saboda raƙuma. Baƙin raƙumi a kan baƙar kwalta ba a ganinsa sai an zo gab.

Abin da ke kama mutum a Wahba shi ne ba ya ba da sanarwa. Babu tsauni da kake hangowa daga nesa. Ƙasa ce kwance, ka fito daga mota, ka yi taku kaɗan, sai kawai ta ƙare a gabanka. Faɗinsa kusan kilomita 2, zurfinsa kusan mita 250, a ƙasan kuma wani farin fili zagayayye kamar an kife faifai. Gishiri ne mai kama da kanwa. Idan an yi ruwa, ƙaramin tafki yana taruwa a ciki, rana ta shanye shi, ta bar farin. Da safe launinsa fari ƙal, da yamma yana komawa ruwan toka da ɗan ja-ja a gefe. A jikin bangon, wajen rabin gangara, akwai itatuwan dabino da sauran tsofaffin gonaki inda ruwa ke tsattsafowa, koren nasu yana fitowa sosai a tsakanin dutse. Na kai wata gwaggona da 'ya'yanta, da ta leƙa sai ta ja da baya ta zauna a ƙasa, tana ta "Subhanallahi", ba ta sake tashi ba sai da muka sha shayi.

Da can mutane sun zaci wani dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa shi. Masana ilmin ƙasa sun nuna ba haka ba ne. Narkakken dutse ne ya taso daga ƙasa ya haɗu da ruwan da ke kwance a ƙarƙashi, ruwan ya koma tururi nan take, ya yi bindiga ya watsar da abin da ke samansa. Sun ƙiyasta abin ya haura shekara miliyan 1. Tafkin Tila da ke kusa da Biyu ma bakin dutse mai aman wuta ne, sai dai shi ruwa ya zauna a cikinsa. Larabawan yankin suna da tasu tatsuniyar. Sun ce wata tsauniya ce mai suna Ɗamiyya take zaune a wurin, wata rana da dare walƙiya ta haska mata wani tsauni mai suna Ƙaɗan, ta kamu da sonsa, ta tumɓuke kanta ta tafi wurinsa, ta bar wannan rami. Shi ya sa suke kiransa Maƙla'u Ɗamiyya, wato inda Ɗamiyya ta tumɓuke. Yara suna son wannan labari, kuma yana sa su zauna wuri ɗaya.

Maganar sauka ciki, a nan nake da tsanani. Ka fara tambayar masu kula da wurin ko an yarda a sauka a lokacin, in sun ce a'a, magana ta ƙare. In an yarda, hanya ɗaya ce ake bi, kada ka ƙirƙiri taka don ka ga kamar ta fi kusa. Sauka tana cin kusan awa ɗaya, hawowa ta fi haka nesa ba kusa ba, kuma tsakuwar tana zamewa a ƙarƙashin ƙafa. A ƙasa babu inuwa, babu iska, babu sabis. An sha kiran jami'an agaji su fito da mutanen da ƙarfinsu ya ƙare a ciki. Na sauka sau biyu, duka da sassafe a watan Janairu, da ruwa lita 3 a jaka, kuma na sha shi tas kafin in fito. Farin da kake gani daga sama kamar siminti, a ƙasa ɓawo ne mai ƙaras-ƙaras, wani wurin in ka taka sai ya fashe ka ji laka. Dattijo, mai hawan jini, mai ciwon suga, mai juna biyu, mai azumi, duk su tsaya a sama. Akwai rumfunan zama a bakin ramin, kuma gaskiya kyan wurin daga sama ya fi.

In za ku koma Makka da niyyar Umara, hanyar tana bi ta Sailul Kabir, miƙatin da ake kira Ƙarnul Manazil. Ku sa haraminku a jaka tun daga gida, ku yi wanka a can ku ɗaura.

Khaibar ta fi kusa da mu 'yan Madina, tafiyar awa biyu ce zuwa arewa a kan hanyar Tabuka. Kowa ya san sunanta saboda yaƙin shekara ta 7 bayan Hijira, amma kaɗan ne suka san cewa garin a tsakiyar harra yake. Ruwan sama yana nutsewa cikin hujojin dutsen, ya bi ta ƙasa, ya ɓullo a kwari a matsayin idanun ruwa. Shi ya sa za ka ga dabino da fadama a tsakiyar baƙin dutse, shi ya sa kuma Larabawan da suke buga misali da zazzaɓin Khaibar, don inda ruwa ya kwanta sauro ba ya rasa gida. Tsohon garin da ganuwowinsa yanzu suna hannun hukumar da ke kula da garin tarihi na Al'ula, shiga yana da tsari da lokaci, don haka ka bincika kafin ka taso.

Cikin harrar akwai abin da ba ka zato: fararen tsaunuka biyu a tsakiyar baƙin fili, Jabal Abyad mai tsayin mita 2,093 da Jabal Baida kusa da shi mai faffaɗan baki, sannan ga Jabal Ƙidir baƙi ƙirin a gefensu, a tsaye kamar tukunyar da aka kife. Akwai kuma kogon Ummu Jirsan, wanda tsawonsa ya kusa kilomita ɗaya da rabi. Hanya ce da narkakken dutse ya bi ta ƙarƙashi, samansa ya daskare, cikin ya tsiyaye ya bar rami kamar bututu. An samu tarin ƙasusuwa a ciki waɗanda kuraye suka jajibo cikin shekaru masu yawa.

Nan ba wurin ƙaramar mota ba ne, kuma ba wurin mota ɗaya ba ne. Zuwana na farko, da motar haya muka shiga ni da wani abokina, da tayar safaya guda. Ba mu yi awa ɗaya da barin kwalta ba dutse ya yanka tayar baya ta gefe, yanka irin wanda faci ba ya kamawa. Muka sa safaya, muka juyo a hankali, kowane dutse muna kauce masa, ba mu ga farin tsauni ba ranar. Da muka mayar da motar aka nuna mana a takarda cewa inshora ba ta ɗaukar abin da ya faru a wajen kwalta, muka biya daga aljihu. Yanzu ba na shiga sai da mota biyu masu ƙarfi, kowace da safaya biyu da famfon iska, da ɗan jagora daga mutanen yankin. Kuɗin jagora ba asara ba ne, ku haɗa ku biya. Za ku ga tsofaffin gine-ginen dutse a warwatse, kaburbura da dogayen shinge na mutanen da, kada ku ɗauki dutse daga jikinsu don kafa murhu.

Wanda zuciyarsa ke wajen ruwa da tsuntsaye, irin wanda ya taso a fadamun Haɗeja da Guru, sai ya nufi gabas, Al'ahsa. Babu aman wuta a can, amma akwai tafkin Asfar, wanda ruwan da ya tsiyayo daga gonakin dabino yake taruwa ya samar. Tuddan yashi ne suka kewaye shi, bakinsa cike da dogayen ciyayi masu kama da kacala, kuma da hunturu tsuntsaye masu ƙaura suna sauka. Tafiya ce mai nisa daga Madina, gara ka haɗa ta da wata buƙata a Riyad, daga nan ka hau jirgin ƙasa zuwa Hufuf, babban garin Al'ahsa. Hanyar tafkin yashi ce, sai da mota mai ƙarfi da wanda ya san wurin, kuma ruwan ba na sha ba ne ba na wanka ba. Unesko ta sa dausayin Al'ahsa cikin wuraren tarihi na duniya a 2018. In ka je, ka tsaya a masallacin Juwasa, inda aka yi sallar Juma'a ta farko bayan ta Masallacin Annabi.

Kawu bai kai Wahba ba, gwiwarsa ba za ta ɗauki zaman mota na awa da awanni ba. Aƙul na kai shi, kwana biyu kafin ya koma. An yi ruwa a makon, tafkin ya cika. Na shimfiɗa masa darduma a kan yashi nesa da gaɓa, na zuba masa shayi, ya sa na nuna masa da yatsa ta inda wutar ta gangaro da inda ta tsaya. Sannan ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗauke ni tare da dutsen nan, ka matso sosai hujojin su fito, yaran zaure za su gani."